Matsalar Ƙin Fitar Wasiƙar Imel daga Manhajar Kwamfuta: Gano Musabbabi da Hanyoyin Gyara

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan dalilan da ke hana wasiƙar imel fita daga manhajojin da ake girkawa a kwamfuta, irin su Outlook da Thunderbird da Apple Mail, alhali wasiƙun shigowa suna isowa lami lafiya. An bi sawun wasiƙa tun daga akwatin fita har zuwa akwatin wanda aka aika wa, an kuma nuna irin cikas da ake samu a kowane zango. Maƙalar ta nuna cewa amsar da na'urar aikawa ke bayarwa ita ce mabuɗin gano matsala, don haka karanta ta ya kamata ya gabaci taɓa kowane saiti.

1.0 Gabatarwa

Kusan duk wata hulɗar ilimi a yau ta imel ake yin ta. Ta nan marubuci ke miƙa maƙalarsa ga editan mujalla, ta nan edita ke tura ta ga masu tantancewa, ta nan kuma ɗalibi ke aika babin kundinsa ga mai duba shi. Mafi yawan waɗannan ayyuka suna da wa'adi. Wasiƙar da ta maƙale a ranar ƙarshe ta karɓar takardun taro ko ta neman tallafin bincike tana iya jawo asarar shekara guda, kuma sau da yawa mai ita bai ma san ba ta fita ba sai bayan wa'adi ya wuce.

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne ganin wasiƙu na shigowa amma nasu sun ƙi fita. Daga nan sai a shiga kame-kame: a canza kalmar sirri, a goge asusu a sake kafa shi, wani lokaci har a cire manhajar baki ɗaya, a yi asarar tsofaffin wasiƙu. Ana iya kauce wa wannan ɓarna idan aka fahimci yadda wasiƙa ke tafiya.

2.0 Yadda Wasiƙa ke Tafiya

Manhajar da ke kan kwamfuta ba ita ke kai wasiƙa ga mai ita ba. Aikinta shi ne miƙa ta ga wata babbar kwamfuta da ke kunne dare da rana, wadda ake kira saba. Manhajar tana hulɗa da sabobi biyu mabambanta. Ta farko ita ce sabar karɓa, wadda ake magana da ita ta ƙa'idar IMAP ko POP3. Ta biyu ita ce sabar aikawa, wadda ake magana da ita ta ƙa'idar SMTP. Kowace tana da sunanta da lambar ƙofarta da hanyar tantance mai shiga. Wannan rabuwa ita ce amsar abin da ke ɗaure kai: lafiyar hanyar shigowa ba ta nuna komai game da lafiyar hanyar fita.

Jon Postel ne ya wallafa ƙa'idar SMTP a shekarar 1982, a cikin takardar da aka sani da RFC 821. An sabunta ta a 2001, sannan a 2008 a cikin RFC 5321. A tsarinta na asali babu neman kalmar sirri, babu kuma ɓoye abin da ake faɗa, domin masu amfani da hanyar sadarwa a wancan zamani kaɗan ne, kuma sun yarda da juna. Da tarkacen wasiƙun talla da na damfara suka yawaita, sai aka riƙa ɗora matakan tsaro ɗaya bayan ɗaya a kan tsohuwar ƙa'idar. Galibin matsalolin aikawa na yau suna tasowa ne daga waɗannan matakai da aka ƙara.

Ita kanta aikawar zance ce ta gajerun jimloli tsakanin manhaja da saba. Saba tana yin maraba da lamba 220. Manhaja ta gabatar da kanta da umarnin EHLO, ta nemi a sirranta zance, ta bayar da shaidar mai asusu, sannan ta ambaci adireshin mai aikawa da na wanda za a kai wa. Idan saba ta amsa da 354, sai a zuba mata gundarin wasiƙa, ta rufe da 250, wato ta karɓa. Daga nan nauyi ya bar wuyan manhaja. Sabar aikawa ce za ta nemo sabar gidan da za a kai wasiƙar, ta sake yin irin wannan zance da ita. Saboda haka zangon tafiyar huɗu ne: cikin kwamfuta, hanya zuwa saba, ƙofar saba, da kuma tsakanin saba da saba.

3.0 Karanta Amsar Saba

Duk amsar da saba ta bayar tana farawa da lamba mai alƙaluma uku, kuma alƙalami na farko shi ne mai ɗauke da hukunci. Idan 2 ne, an yi nasara. Idan 4 ne, an samu cikas na wucin gadi, ana iya sake gwadawa a dace. Idan 5 ne, an ƙi karɓa ƙi na dindindin, maimaitawa ba za ta amfana ba sai an gyara wani abu. Sanin wannan bambanci kaɗai ya isa ya hana mutum danna maɓallin aikawa sau ashirin a banza.

Lambobin da aka fi cin karo da su su ne:

421: saba ba ta iya aiki a yanzu, za ta katse layi.
450 da 451: an jinkirta karɓa, a sake gwadawa.
452: wurin ajiya ya ƙare, ko waɗanda aka aika wa sun yi yawa.
530: sai an tantance mai aikawa tukuna.
535: sunan shiga ko kalmar sirri ba su karɓu ba.
550: babu wannan akwati, ko an ƙi karɓa bisa wata doka ta sabar.
552: wasiƙa ta wuce girman da aka ƙayyade.
554: an yi watsi da wasiƙar baki ɗaya.

Sau da yawa ana biyo bayan wannan lamba da wata mai ɗigo biyu, wadda ke ƙara fayyace dalili. Misali, 5.1.1 na nufin adireshin ba ya nan, 5.2.2 na nufin akwatin mai karɓa ya cika, 5.7.1 na nufin ba a ba da izinin isarwa ba, 5.7.8 kuma na nufin shaidar shiga ba daidai ba ce. Ban da waɗannan, manhajar Outlook tana da nata lambobin, kamar 0x80042109, wadda ke nuna ta kasa haɗuwa da sabar aikawa. Irin wannan lamba tana nuni da cewa zancen ma bai fara ba, don haka a nemi matsala a hanya.

4.0 Cikas a Cikin Kwamfuta

Abin da za a fara dubawa shi ne ko manhajar tana ƙoƙarin aikawa ma. Outlook da Thunderbird duk suna da yanayin aiki ba tare da intanet ba, kuma ana iya kunna shi bisa kuskure. A wannan hali wasiƙu suna taruwa a akwatin fita ba tare da wani gargaɗi mai ƙarfi ba.

Na biyu shi ne girman fayil. Asalin SMTP an gina ta ne don rubutu zalla, saboda haka duk wani hoto ko sauti ko fayil ɗin PDF sai an mayar da shi haruffa kafin a aika, bisa tsarin MIME da ya fito a 1992. Wannan juyi yana mayar da kowane bait uku zuwa haruffa huɗu, wato girma yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Fayil mai megabait 20 yakan zama kusan 27 a kan hanya, don haka sabar da ta yi iyaka a 25 tana auna abin da ya iso gare ta za ta iya mayar da shi. Gmail ya ƙayyade megabait 25 ga fayilolin da ake haɗawa da wasiƙa, Outlook kuwa ya saba tsayawa a 20 ga asusun da ba na Exchange ba. Wannan ya shafi manazarta kai tsaye, domin hotunan rubutun ajami da sautin hirarraki da waƙoƙin baka suna da nauyi. Bugu da ƙari, babbar wasiƙa ɗaya da ta maƙale tana iya tare duk na bayanta. Maganin shi ne a sa manhaja a yanayin rashin intanet, a fitar da wasiƙar daga akwatin fita, sannan a ɗora fayil ɗin a ma'ajiya irin su Google Drive ko OneDrive a aika da mahaɗinsa kawai.

Na uku shi ne agogon kwamfuta. Kafin a sirranta zance, saba tana gabatar da takardar shaida mai ɗauke da ranar fara aiki da ranar ƙarewa. Manhaja tana gwada waɗannan ranaku da agogon kwamfutarta. Tsohuwar kwamfutar ofis da ƙaramin batirin cikinta ya mutu takan koma wata tsohuwar shekara duk lokacin da aka ɗauke wuta, sai manhaja ta ga kamar takardar shaidar ba ta fara aiki ba, ta ƙi amincewa da ita. Gyara kwanan wata da sauya batirin sun wadatar.

Na huɗu shi ne manhajar riga-kafi. Wasu daga cikinsu suna shiga tsakanin manhajar imel da saba domin binciken wasiƙun da ke fita, kuma wannan shiga tsakani kan ɓata sirrantaccen layi. Ana iya dakatar da sashen binciken imel na ɗan lokaci don gwaji, amma a mayar da shi da zarar an gama.

5.0 Cikas a Kan Hanya

Kowace saba tana sauraro ne ta wasu ƙofofi masu lamba. Ƙofofi uku ne suka shafi aikawa. Ƙofa ta 25 ita ce ta asali, amma yanzu an bar ta ga zance tsakanin saba da saba, kuma kamfanonin intanet da dama suna toshe ta ga masu amfani na gida domin daƙile kwamfutocin da aka kame ana watsa tarkace da su. Ƙofa ta 587 an keɓe ta tun 1998 don miƙa wasiƙa daga manhaja. A wannan ƙofa ana fara zance a buɗe, sannan a sirranta shi da umarnin STARTTLS. Ƙofa ta 465 kuwa ana sirranta zance tun daga farko, kuma takardar RFC 8314 ta 2018 ta tabbatar da ita a hukumance.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne haɗa ƙofa da hanyar sirrantawar da ba tata ba. Idan aka zaɓi 465 tare da STARTTLS, manhaja za ta zauna tana jiran maraba, saba kuma tana jiran a fara sirrantawa, har lokaci ya ƙure. Sabar smtp.gmail.com tana karɓar 465 da 587, amma smtp.office365.com tana aiki ne da 587. Haka nan tsofaffin manhajoji da ba su san sabon tsarin sirrantawa ba suna fuskantar ƙi, domin an yi ritayar TLS 1.0 da 1.1 a hukumance a shekarar 2021.

Hanya mafi sauƙi ta gane ko layi ne ke da laifi ita ce sauya shi. Idan wasiƙa ta ƙi fita a intanet ɗin ofis amma ta fita nan take da aka jona kwamfuta da datar waya, to katangar tsaron ofishin ce ta toshe ƙofar, kuma sashen kula da na'urori ne kaɗai zai iya buɗe ta. A kwamfuta mai Windows ana iya tabbatar da haka ta umarnin Test-NetConnection a cikin PowerShell, inda ake ba shi sunan saba da lambar ƙofa ya faɗi ko a buɗe take.

6.0 Cikas a Ƙofar Saba

Idan amsa ta zo da 530 ko da 5.7.1 mai maganar hana isarwa, galibi manhajar ba ta gabatar da shaida ba ne sam. A tsohon tsarin saitin Outlook akwai wani ɗan akwati da ke cewa sabar aikawa tana buƙatar tantancewa, kuma rashin sa masa alama yana haifar da wannan matsala daidai. Idan kuma 535 ce, an gabatar da shaida amma an ƙi ta. Wani lokaci dalilin shi ne an sauya kalmar sirri, an sabunta ta a ɓangaren karɓa, an manta da ɓangaren aikawa, domin manhajoji irin su Thunderbird suna ajiye kowace daban. Wani lokaci kuma an rubuta rabin adireshi ne a gurbin sunan shiga, alhali cikakke ake bukata.

Akwai kuma dalili mafi girma da ya bayyana a 'yan shekarun nan. Manyan kamfanoni sun daina amincewa da kalmar sirri tsura daga manhaja. Google ya rufe wannan hanya ga asusun Gmail na gama-gari a ranar 30 ga Mayu, 2022, Microsoft kuma ya yi haka ga asusun Outlook.com a watan Satumba na 2024. Abin da ya maye gurbinta shi ne tsarin OAuth 2.0, inda mai asusu ke shiga ta shafin kamfanin kansa, shi kuma kamfanin ya ba manhaja wata shaidar izini. Don haka mutum na iya rubuta kalmar sirrinsa daidai har sau goma a ƙi ta. Mafita ita ce sabunta manhaja a zaɓi OAuth2 a matsayin hanyar tantancewa. Ga tsohuwar manhajar da ba ta san wannan tsari ba, Google yana bayar da kalmar sirri ta musamman mai haruffa 16, da sharaɗin an kunna tantancewa mai mataki biyu.

Yawan waɗanda aka aika wa ma yana jawo ƙi. Asusun Gmail na kyauta yana da iyakar 500 a rana. Sakataren da ke watsa sanarwar kiran maƙalu ga jerin sunaye mai tsawo yana iya cin wannan iyaka, a dakatar da shi daga aikawa na tsawon sa'o'i.

7.0 Cikas Bayan Wasiƙa ta Fita

Kasancewar wasiƙa a akwatin waɗanda aka aika ba shaidar isarta ba ce. Abin da yake nufi kawai shi ne sabar farko ta karɓa. Idan sabar mai karɓa ta amsa da lamba mai farawa da 4, sabar aikawa takan ci gaba da gwadawa, kuma ƙa'ida ta ba da shawarar kada ta haƙura kafin kwana huɗu zuwa biyar. Ke nan sanarwar rashin isarwa tana iya zuwa bayan wa'adi ya daɗe da wucewa. Wannan sanarwa, wadda kan zo da sunan Mailer-Daemon, bai kamata a goge ta ba, domin a cikinta ne lambar dalili take.

A wannan zango ne ake binciken asalin wasiƙa. Akwai matakai uku: SPF, wanda ke bayyana sabobin da aka yarda su aika da sunan wata cibiya, DKIM, wanda ke sa wa wasiƙa hatimi, da DMARC, wanda ke faɗin hukuncin wasiƙar da ta faɗi gwajin. Tun watan Fabrairu na 2024 Google da Yahoo suka tsaurara waɗannan sharuɗɗa. Wanda ya sa adireshin jami'a a gurbin mai aikawa amma ya bi ta wata sabar da jami'ar ba ta lissafa ba, yana iya ganin an mayar masa da wasiƙa ko an jefa ta cikin tarkace. Haka kuma idan ɓarayi suka sace asusun ma'aikaci ɗaya suka watsa wasiƙun damfara da shi, cibiyoyi irin su Spamhaus kan sa sabar a jerin waɗanda ake ƙyama, sai laifin mutum ɗaya ya shafi ma'aikata duka. Gyaran wannan ba ya hannun mai aikawa. Abin da ke kansa shi ne ya tura cikakkiyar sanarwar ga masu kula da sabar.

Akwai kuma akasin haka. Wani lokaci wasiƙa ta isa, amma manhaja ta kasa ajiye kwafinta a sabar IMAP, sai ta nuna gargaɗi. Wanda bai karanta gargaɗin da kyau ba zai sake aikawa, edita ya sami maƙala ɗaya sau uku.

8.0 Haruffa Masu Lanƙwasa

Tsohuwar ƙa'idar imel ta san haruffan ASCII 128 ne kawai, kuma ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba sa cikinsu. A gundarin wasiƙa da kanunta an warware wannan ta tsarin UTF-8, wanda ke ba kowane ɗayansu bait biyu. Idan manhaja ta yi amfani da wani tsohon tsari, wasiƙa za ta fita, amma haruffan su isa a matsayin alamar tambaya ko wasu baƙin alamomi. A adireshi kuwa lamarin ya fi tsanani. Ko da yake an fitar da ƙa'idar da ta halatta irin waɗannan haruffa a adireshi a 2012, ba kowace saba ke aiki da ita ba. Mai allon rubutun Hausa da ya rubuta ƙ a inda adireshi ke da k ya rubuta wani adireshi ne daban, kuma za a ƙi shi. Fayilolin da aka buga da tsofaffin salon rubutu irin su Rabi'at da Abdalla su ma suna isa lafiya, sai dai idan mai karɓa ba shi da salon, haruffan masu lanƙwasa za su bayyana a matsayin baka da makamantansu. Aika kwafin PDF tare da fayil ɗin yana kare marubuci daga wannan.

9.0 Tsarin Bincike

Daga bayanan da suka gabata ana iya fitar da jerin matakai kamar haka:

1. A kwafe saƙon kuskure dukansa kafin a rufe shi.
2. A shiga asusun ta burauza a aika wa kai gajeriyar wasiƙa. Idan ta fita, asusun lafiya yake, matsalar tana manhaja ko layi.
3. A duba akwatin fita da yanayin aiki da agogon kwamfuta.
4. A gwada wani layin intanet.
5. A gwada sunan saba da lambar ƙofa da hanyar sirrantawa da abin da mai bayar da asusun ya wallafa.
6. A sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji, a kuma rubuta saitin da aka tarar.
7. Kada a goge asusu sai an adana kwafin wasiƙu, musamman idan na POP3 ne, domin mai yiwuwa kwafin da ke kwamfutar shi kaɗai ya rage.

10.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ƙin fitar wasiƙa alama ce da cikas iri-iri ke haifarwa a zanguna huɗu, kuma kowane zango yana da mai alhakin gyaransa. Na cikin kwamfuta da na saiti suna hannun mai ita, toshewar ƙofa da ƙyamar saba kuwa suna hannun masu kula da na'urorin cibiya. Lambar da saba ta bayar ita ke raba waɗannan, don haka wanda ya kai ƙara da ita a hannu ya rage wa mai gyara rabin aiki. Ga aikin da ke da wa'adi, abin da ya fi dacewa shi ne a aika da sauran kwanaki a gaba, a leƙa akwatin fita kafin a kashe kwamfuta, sannan a nemi wanda aka aika wa ya amsa da cewa saƙo ya iso.